TURKA DA ƘARIN ABINCIN DABBOBI A ƘASAR DAURA: ƘIBA DA INGANCIN NAMA

 

GABATARWA

Da wuya mutum ya ratsa wata unguwa a birnin Daura, ko wani ƙauye a Baure, Mai'aduwa, Sandamu ko Zango, bai ji kukan rago daga bayan danga ba. Turka sana'a ce ta manomi da matar aure da ɗan kasuwa, har da ma'aikacin gwamnati wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ragon da ke ɗaure a turke shi ne asusun gida. Da kuɗinsa ake sayen taki, da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake yi wa yarinya kayan ɗaki. In ya mutu ana saura mako biyu Salla, to, wahalar wata uku da jarin shekara sun tafi tare.

Wannan lacca za ta dubi tambaya guda mai rassa biyu, watau mene ne ya kamata a ƙara wa dabba a kan ciyawarta, kuma mene ne wannan ƙari yake yi wa naman da mutum zai ci. Amsar a taƙaice ita ce, ƙarin abinci cike giɓi yake yi. Idan ya cike giɓin da ke akwai, sai dabba ta yi ƙiba, nama ya yi kyau. Idan kuwa ya zarce giɓin, ko aka ba wata dabba abin da aka shirya domin wata, to, ɓarnar takan faɗa wa dabbar, ko kuma ta bi nama ta isa ga mai ci.

Za a ji ana ambaton alade a wurare da dama cikin wannan bayani, saboda haka ya kamata a faɗi dalili tun da wuri. Naman alade haramun ne ga Musulmi, kuma kiwonsa ba sana'ar ƙasar Daura ba ce. A Arewa sai an je wurare irin su Katsit, kusa da Kafanchan, ake tarar da babbar kasuwarsa. Amma shi da kaza su ne dabbobin da masana suka fi yin bincike a kan abincinsu, domin wajen rabin aladun duniya suna ƙasar Sin, sauran kuma da yawa suna Turai da Amurka, inda ake zuba kuɗi a kan bincike. Yawancin sinadaran ƙiba da suka cika kasuwannin duniya a kan waɗannan dabbobi biyu aka fara gwada su. Wanda bai san labarinsu ba, zai iya zuba wa ragonsa abin da ba nasa ba.

KALMOMIN SANA'AR

Harshe yakan adana ilmin masu shi. Bahaushe ya bambanta kiwon sake da turka. A kiwon sake dabba ce take neman abincinta, ta ƙona wani ɓangarensa a wajen yawo. A turka kuwa an kafa turke, an ɗaure ta, abinci ne yake zuwa ya same ta, sa'an nan a ce da ita turkakkiya. Daga nan sai jerin sunayen abin da ake zubawa a komi: harawar wake da harawar gyaɗa, kowa, watau ɓawon wake, karmami, dusa, ƙasari, tunkuza da ƙuliƙuli, angurya, 'ya'yan gawo da na kalgo, kanwa da gishiri.

Idan aka lura, wannan jeri ya kasu uku. Akwai abin cika tumbi, kamar ciyawa da kara da karmami. Akwai abin ƙara ƙarfi da gina jiki, kamar dusa da tunkuza da angurya. Akwai kuma abin lasa, watau kanwa da gishiri. Rabon da malamin kimiyyar dabbobi yake yi a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo a 1928 ta zama cibiya a 1976, bai wuce wannan ba. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne ma'auni da dalili.

GIƁIN RANI

Damina a ƙasar Daura ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watanni dabba tana rayuwa ne a kan busasshiyar ciyawa da ragowar amfanin gona. Matsalar busasshiyar ciyawa ita ce ƙarancin furotin, watau sinadarin gina jiki. Tumbin dabba mai tuƙa cike yake da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, kuma su ne suke narkar da ciyawa. Waɗannan halittu suna bukatar furotin wajen kashi 7 cikin 100 na abinci kafin su yi aikinsu sosai. Ciyawar ƙarshen rani da karan gero sukan sauka zuwa kashi 3 ko 4. Shi ya sa ake ganin saniya a watan Afrilu da cikakken tumbi amma ana ƙirga haƙarƙarinta: ta ci, abincin ne bai narku ba.

Maganin wannan giɓi yana cikin gonar Bahaushe. Harawar wake da ta gyaɗa, in an shanya su a inuwa ganyen bai kakkaɓe ba, suna da furotin fiye da kashi 10 cikin 100. Dusar alkama tana da wajen 15, angurya wajen 20, tunkuzar gyaɗa kuwa ta haura 40. Gawo kuma, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani, yana yin 'ya'ya daidai lokacin da ake nemansu. Tafin hannu biyu na tunkuza a rana ba ya cika ciki, amma yana farfaɗo da halittun tumbi, su kuma su fitar da amfanin da ke ɓoye cikin kara. Ragon da ya kai kilo 40 yakan ci busasshen abinci wajen kilo ɗaya da rabi a rana, kuma idan haɗin ya yi daidai, aka raba shi da tsutsar ciki tun farko, yana iya ƙara giram 100 zuwa 150 kowace rana. Cikin kwana 90 wannan ya kai kilo 9 zuwa 13 da rabi.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi muhimmanci a waɗannan shekaru. Babbar Salla tana jawowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta ran 16 ga Yuni, a 2025 kuma ran 6 ga Yuni. Ke nan watanni uku na turkar ragon Layya sun faɗa cikin bazara, lokacin da harawa ta fi tsada, zafi kuma ya rage wa dabba cin abinci, kuma haka za a ci gaba da turka cikin rani har shekaru masu yawa. Mai turkar da bai tara harawa da kaka ba, shi ne wanda zai je neman gajeriyar hanya a shagon magani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

CIKI ƊAYA DA CIKI HUƊU

Alade, kamar kaza da ɗan Adam, ciki ɗaya gare shi. Tunkiya da akuya da saniya kuwa cikinsu ɗaki huɗu ne, babba daga ciki shi ne tumbi. Daga wannan bambanci ne darussa huɗu suka fito.

Na farko, furotin. Alade ba ya iya ƙera wasu ginshiƙan furotin a jikinsa, musamman wanda ake kira laisin, wanda ya yi ƙaranci a masara. Tilas a ƙara masa shi, tare da bitamin iri iri. Da irin wannan haɗi ne aladen gidan gona na zamani yake kai kilo 100 cikin wata shida, yana cin abin da bai kai kilo 3 ba domin ƙara kilo guda. Rago ba ya bukatar yawancin waɗannan, domin halittun tumbinsa suna ƙera masa su. Har takin yuriya suna iya juya shi ya zama furotin, in dai bai wuce kashi 1 cikin 100 na abinci ba, kuma an saba wa dabba da shi sannu a hankali. In ya wuce, guba ne, kamar yadda duk wanda akuyarsa ta taɓa faɗa wa buhun taki ya sani.

Na biyu, kitse. Irin man da alade ya ci shi ne yake komawa kitsensa kusan yadda yake. A farkon ƙarni na 20 manoman kudancin Amurka sun riƙa turka aladu da gyaɗa, sai kitsen ya fito da laushi da maiƙo, mahauta suka riƙa rage masa kuɗi. Wanda aka ba garin kifi da yawa kuwa, namansa ƙarnin kifi yake yi. A wajen rago, halittun tumbi suna sauya man ya zama mai tauri, shi ya sa kitsen rago yake daskarewa a baki da zarar romo ya huce. Amma mai mai yawa yana kashe kaifin waɗannan halittu. Tunkuzar da ba a matse ta sosai ba, da angurya mai yawa, sukan hana ciyawa narkewa.

Na uku, angurya. A cikinta akwai wani dafi mai suna gosifol, wanda ke illata zuciya da hantar alade da kaza. Babban rago yana jure masa, saboda tumbi yana ɗaure dafin. Ɗan tunkiyar da tumbinsa bai ƙosa ba ba ya jurewa, haka kuma yawansa yana rage haihuwar ragon da aka ajiye domin barbara.

Na huɗu shi ne mafi haɗari. A shekarun 1950 masu bincike a Ingila suka tabbatar cewa ƙara sinadarin jan ƙarfe a abincin alade, har miligiram 250 a kowane kilo, yana hanzarta girmansa. Tunkiya kuwa, in abincinta ya haura miligiram 25 aka daɗe ana ba ta, sinadarin yana taruwa a hantarta ba tare da wata alama ba. Rana guda, sau da yawa bayan wahalar tafiya ko zafi, sai hantar ta sake shi cikin jini, ido ya yi shawara, fitsari ya yi ja kamar jini, dabba ta faɗi. Abincin kaji, da kashin kaji da wasu ke bai wa dabbobi, da dutsen lasa da aka yi domin shanu, duk suna iya ɗaukar jan ƙarfen da ya fi ƙarfin tunkiya. Kiwon da ya karɓi wani, wani halaka shi yake yi.

KANWA, GISHIRI DA DUSA

Tun kafin zuwan Turawa ayarin Buzaye yake ɗauko kantun gishiri daga Bilma da Fachi, ya biyo ta Agadas da Damagaram zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, kuma babban mai sayensa shi ne makiyayi. Har yanzu makiyayan Nijar suna kai garkensu filayen gishiri na Ingal a ƙarshen damina. Dabbar da ta rasa gishiri ko sinadarin fosfaras takan shiga lasar ƙasa, da tauna ƙashi da tsumma, kuma irin wannan kwaɗayi yana daga cikin abin da ke jan ta ga haɗiye leda, wadda mahauta kan tarar dunƙule a tumbi.

Kanwa ma tana da hujja a kimiyya. Idan dabba ta ci hatsi ko dusa da yawa, tsami yakan hauhawa a tumbi, halittun su mutu, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya, wani lokaci har kofato ya kamu. Kanwa tana kashe tsami, kuma manyan gidajen turka na ƙasashen waje suna zuba sinadari ɗan'uwanta domin wannan dalili. Sai dai akwai iyaka. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Idan dusa ta rinjayi abinci, ruwan sha ya yi kaɗan, kanwa kuma ta yi yawa, tsakuwa takan taru ta toshe hanyar fitsarin rago, musamman dandaƙaƙƙe. Sai a ga rago yana nishi yana yunƙurin fitsari ba ya fita, in ba a yi hanzari ba mafitsara ta fashe. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam mai yawa. Ashe tsohuwar da ke haɗa dusa da harawa, ta ajiye ƙwaryar ruwa kusa da turke, ta riga ta yi lissafin da malamai suke yi da alƙalami.

GARIN NEMAN ƘIBA

A ƙarshen shekarun 1940 wasu masu bincike a Amurka suka lura cewa ɗan kaɗan na maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin abinci yana sa kaji da aladu saurin girma. Duniya ta rungumi wannan dabara har shekaru da dama, kafin a gane cewa ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, har ya daina yi wa mutane aiki. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai ta hana baki ɗaya a 2006, sa'an nan a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina bai wa lafiyayyar dabba irin waɗannan magunguna domin ƙiba.

Haka labarin magungunan ƙara tsoka yake. Amurka ta amince da raktofamin domin aladu a 1999, amma Tarayyar Turai da Sin da Rasha sun hana shi. Wani ɗan'uwansa mai suna kilenbuterol, wanda ake bayarwa a ɓoye, ya kwantar da fiye da mutum 300 a birnin Shanghai a 2006 bayan sun ci nama. A Ingila kuma, ciyar da shanu da garin nama da ƙashi ya haifar da cutar haukan shanu, wadda aka gano a 1986, daga baya ta kama mutane. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tattauna hukuncin jallala, watau dabbar da ke cin ƙazanta, kuma ko da yake mazhabobi sun saɓa a kan hukuncin, tambayar da suka yi ita ce dai wadda likitoci suke yi yau: shin abin da dabba ta ci yana bin namanta?

Haɗarin da ya fi kusa da mai turka a ƙasar Daura iri biyu ne. Na farko shi ne allura da ƙwaya ba da shawarar malamin dabbobi ba. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta, domin ya fita daga jiki, kuma ragowarsa a hanta da ƙoda da gurbin allura ya fi taruwa. Wanda ya yi wa rago allura ran Alhamis ya kai shi kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, ya sayar da maganin tare da ragon. Akwai kuma magungunan da ke sa jiki ya tara ruwa, dabba ta yi bulɓul a ido, a fiɗe ta a tarar da nama mai ruwa da rubabbiyar hanta.

Na biyu shi ne abincin da ya yi hunhuna. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Barazil, a nan ne aka gano dafin afulatoksin. Wannan dafi yana fitowa daga hunhunar gyaɗa da masara da angurya da suka sha laima. Yana hana dabba girma, yana ɓata hantarta, yana bin nono, kuma a jikin mutum yana daga cikin sanadin dajin hanta. Al'adar ware ruɓaɓɓiyar gyaɗa a ce a zuba wa dabbobi, arha ce mai tsada. Garin neman ƙiba a samo rama.

IDO DA BAKI

A kara, ido da hannu suke yanke ciniki. Dillali ya dubi tsawo da ƙaho da gashi, ya taɓa gadon baya da gindin wutsiya, ya faɗi kuɗi, ko Balami ne ko Uda ko ɗan ƙasa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai akwai abin da ido ba ya gani, sai baki da ciki su ba da shaida. Shari'a ta so a yi layya da mai ƙiba, ta kuma hana ramammiya da mai bayyanannen ciwo, da gurguwa da mai ido ɗaya. Ke nan ƙiba da lafiya aka haɗa, ba a raba su ba.

Ƙiba kanta iri biyu ce. Ƙaramar dabba tsoka take ƙarawa, tsoka kuwa wajen kashi uku cikin huɗu ruwa ce, saboda haka tana da arhar ginawa. Idan girma ya tsaya, sai kitse, shi kuwa yana cin abinci ninkin ba ninkin. Ragon da aka riƙe shekara biyu a turke domin alfahari, yawancin abincinsa na ƙarshe kitse ya koma, wanda mai kilishi zai yanke ya ajiye gefe. Ɗanyen ganye kuma yana da nasa aiki. Daga gare shi dabba take samun bitamin A, wanda ke ƙarewa a hanta a ƙarshen rani, da bitamin E, wanda bincike a kan aladu da shanu da tumaki ya nuna yana riƙe jan launin nama, yana jinkirta hamamin kitse. Ga uwargidan da ke soya naman Salla ta adana shi har watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan ganyen zogale ko na gawo a kai a kai ya wadatar.

KAMMALAWA

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma ya rataya a wuyan rukuni uku. Mai turka ya tara harawa da kaka, ya fara da maganin tsutsa, ya ƙara dusa sannu a hankali cikin mako biyu, kada ciyawa da ruwa su yanke a gaban turke, ya guji abin da ya yi hunhuna da abin da aka haɗa domin wata dabba, ya kuma kiyaye kwanakin jira.

Ma'aikatan gona da na lafiyar dabbobi, daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar har zuwa Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi ta Tarayya da aka kafa a 2024, da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin magunguna, su sa ido a kan abin da ake sayarwa a ranakun kasuwa, su kuma ƙarfafa duba hanta da ƙoda a mayanka tare da sarakunan fawa.

Ɗaliban harshe kuwa, nasu aikin ya fi kowanne daɗewa. Kwalabe da buhunan da ke shigowa kasuwannin kan iyaka da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, mai amfani da su kuwa Hausa yake ji. Ana bukatar a tsayar da kalmomi na Hausa domin ma'auni, da kwanakin jira, da gargaɗin cewa wannan ba na tumaki ba ne, a rubuta su da boko da ajami, a yaɗa su a rediyo. Ana kuma bukatar a bi tsofaffin masu turka da mahauta a rubuta abin da suka sani tun suna raye, domin a gwada shi da ma'aunin kimiyya. Rago ba ya karatu, amma ransa da lafiyar mai cin namansa suna rataye ga rubutun da ke jikin kwalba.

Allah ya sa albarka a turke da garke, ya ba da lafiya da zama lafiya.